Taku Goma Tsakanin Gona da Rafi

 

Ranka ya daɗe Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Iyayenmu dagatai da masu unguwanni, malamanmu limamai, Sarkin Noma, Sarkin Ruwa, Arɗo da jama'arsa, iyayenmu mata da ke zaune ta wancan ɓangaren, da ku ɗalibai da kuka cika bayan zaure, ina gaishe ku baki ɗaya, Allah ya saka da alheri da kuka bar ayyukanku kuka zo.

An ce in yi magana a kan zaizayar gaɓar rafi da yadda ake gyara ta. Na amsa, amma na roƙi a bar ni in haɗa da maganar tsabtar ruwa da ta takardar izini, domin shekarun da na shafe ina aikin ƙasa da ruwa sun nuna mini cewa wanda ya raba su ba zai ga amfanin wahalarsa ba. Na ga inda aka tsayar da zaizaya aka ɓata ruwan sha, na kuma ga inda aka tsaya jiran takarda har gona ta tafi.

Bari in fara da gonar mahaifina, Allah ya jiƙansa. Tana bakin wata ƙorama a nan arewacin Kano, irin wadda ke gudu wata huɗu ta kwanta wata takwas. Tsakanin gonar da ƙoramar akwai burtali, aguwa dama da hagu, faɗinsa ya ishi garken shanu ya wuce ba tare da saniya ta ɗora baki a kan gero ba. Da sassafe shanu ne ke gangarawa mashaya. Da hantsi mata masu zuwa kasuwa ɗauke da ƙwarya. Da la'asar kuma samari ne ke bin sa suna shan iska, su zauna gindin wata ɗorawa da ta karkata kan ruwa, ana hira har magariba. Bayan aguwar, daga burtali zuwa bakin ruwa, ba a noma ko kunya ɗaya. Jema ce da gamba, sai an girbe amfanin gona a yanko su a yi zana da jinka, su sake tohowa. Ba wanda ya taɓa nuna mini takardar da ta hana noma wurin, amma duk yaron garin ya san cewa wannan ƙasar ta rafi ce.

Bara waccan bayan kaka na koma na tsaya a wurin. Burtalin ya yanke, kamar taku hamsin nasa babu. Inda muke zama yanzu gangare ne a tsaye kamar bango, zurfinsa ya fi tsawon mutum. Ɗorawar na nan amma rabin saiwoyinta na reto a iska, damina ɗaya ko biyu suka rage mata. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da na hango a ƙasan gangaren: leda baƙa da fara, tsummokara, tsofaffin tayoyi, kwalaben magani, batiran tocila da suka fashe suna fitar da wani farin gari. Na tambayi ɗan ƙanena, ya ce, “Baba, ai kuɗi muka haɗa aka kawo mana bola tifa biyu daga birni, don mu tare ramin.” Ban iya yi masa faɗa ba. Ya yi abin da ya sani ne don ya ceci gonar kakansa.

Kafin mu ɗora laifi a kan kowa, mu tuna irin ƙasar da muke zaune a kai. Wannan yanki da ya kewaye birnin Kano, daga Ungogo zuwa Minjibir da Gezawa, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Dambatta, yana cikin yankunan karkara da suka fi cika da jama'a a Afirka ta Yamma. Wani Bature masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da kuma Jami'ar Bayero, ya fara nazarin yankin tun shekarun 1960, kuma abin da ya ba shi mamaki shi ne yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, amma ba ta mutu ba. Sirrin kun san shi: takin dabbobi, tokar murhu, sharar birni da ake ɗaukowa a kan jakuna da rani, haɗa gero da wake da gyaɗa a kunya ɗaya, da barin gawo da ɗorawa da kuka a tsakiyar gona. Manoman duniya sun karanta labarinku a littattafai. Ba jahilai ba ne suka riƙe wannan ƙasa.

Sai dai jama'a ta ninka, gona ba ta ninka ba. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum sama da miliyan tara, bayan an riga an cire Jigawa tun 1991. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki bakwai ke rabonta. Mai baki goma a gida, idan ya dubi ƙasa mai danshi a bakin rafi tana fitar da ciyawa kawai, zai ƙara kunya ɗaya. Baɗi maƙwabcinsa ya ƙara biyu. A haka jema ta tafi, aguwa ta bi ta, burtali ya tsuke har saniya ba ta iya wucewa sai ta taka shuka, rigima ta tashi tsakanin mutanen da iyayensu ke musayar nono da dawa.

Yanzu ku dubi abin da ke faɗowa daga sama. Ruwan sama milimita ɗaya a kan hekta ɗaya lita dubu goma ne. Ruwan dare ɗaya na watan Agusta, irin wanda ke kai milimita hamsin, lita dubu ɗari biyar ke nan a kan hekta guda. A da yawancinsa nutsewa yake yi, saboda ƙasarmu jigawa ce mai shan ruwa. Yau garuruwa sun faɗaɗa, rufin kwano ya maye gurbin soro da jinka, an yi daɓen siminti, an yi titi, an sa kwalbati ta tara ruwan unguwa guda ta sake shi a wuri ɗaya. Ruwan da a da yake isa rafi cikin yini, yanzu cikin sa'a ɗaya yake isa. Kuma gudun ruwa idan ya ninka biyu, ƙarfin dukansa ninki huɗu yake yi.

Ina so ɗalibai su buɗe kunne a nan, domin wanda bai gane yadda gaɓa ke faɗuwa ba zai gyara inda ba a nan ciwon yake ba. Rafi ba ya cin gaɓa daga sama. Daga gindi yake ci. A duk inda rafi ya yi kwana, ruwan da ke bayan kwanar ya fi gudu, shi ke ƙwaƙule gindin gaɓa, ya yi mata kogo, yayin da cikin kwanar yashi ke taruwa. Sama kuwa ƙasa na nan kamar lafiya lau, har mutum ya tsaya a kai. Sannan ku lura, gaɓa ba ta cika zaftarewa lokacin da rafi ya cika ba. Sai ruwa ya janye take faɗuwa. Lokacin cikar, ruwan rafin yana tokare da ita. Da ya sauka, sai ya bar ƙasa jiƙe sharkaf, ta yi nauyi, ba abin da ya tallafe ta, gindinta kuma rami ne. Sai ka ji manomi yana cewa, “Jiya da yamma na bar ta lafiya, ko yayyafi ba a yi ba, da safe na tarar kunya uku sun tafi.” Gaskiya ya faɗa.

Akwai kuma mai ƙara wa wuta fetur, wato ɗibar yashi. Birnin Kano na gini dare da rana, kuma kowane bulo da yashin rafi ake buga shi. Ban zo in ce a daina ba, samarinmu da yawa da shebur suke ci da iyalinsu, gidajenmu ma da shi muka gina. Amma idan aka haƙa rami a tsakiyar rafi, ruwa ba ya yarda da rami, sai ya cike shi, kuma da ƙasar da ya yago daga sama zai cike shi. Sai ka ga wani tsani ya bayyana a ƙasan rafin yana ja da baya kowace damina, yana hawa har ya iso gindin gada ko gonar wanda bai taɓa sayar da yashi ko kwano ɗaya ba. Ƙasan rafi idan ya zurfafa, ruwan ƙarƙashin ƙasa ma sai ya bi shi. Masu lambu sun fi kowa sani: rijiyar da ake samun ruwa a gaba biyu, yau sai an kai huɗu.

Ina duk ƙasar nan take zuwa? Tana zuwa madatsun ruwanmu. Tun zamanin marigayi Audu Bako, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, aka tsara dam-dam da dama, aka kammala Tiga a 1974, wasu suka biyo baya a shekarun da suka bi. A namu ɓangaren akwai Tomas ta wajen Dambatta, da Gari ta wajen Kunchi, da Watari a Bagwai, da dam ɗin Jakara a Wasai cikin Minjibir. An gina su ne don su riƙe ruwa, amma kowace kunya da ta zaftare a sama tana zuwa ta kwanta a cikinsu, ta kori ruwa daidai girmanta. Sarkin Ruwa na nan, ku tambaye shi inda yake tuƙa kwalekwale shekara talatin da suka wuce, yau me ake shukawa a wurin. Dattawa kuma ba su manta da watan Agusta na 1988 ba, lokacin da dam ɗin Bagauda ya fashe. Ruwa ba abin wasa ba ne.

To mu koma kan bolar ɗan ƙanena, domin a nan maganar tawa take.

Sharar da iyayenmu ke ɗaukowa daga birni a kan jaki toka ce, da kashin awaki, da ganye, da sharar tsakar gida. Ƙasa na cinye ta ta gode. Bolar yau wani abu ne daban. Akwai leda da ba ta ruɓewa, akwai batir mai dalma da wasu ƙarafa masu guba, akwai sharar kemis, akwai baƙin mai na gareji. Idan ka zuba ta a gindin gaɓa, abu biyu ne zai faru. Na farko, ba za ta tsaya ba, domin ba ta da nauyi ba ta da saiwa, ruwan farko mai ƙarfi zai kwashe ta. Na biyu, kafin ta tafi da bayan ta tafi, tana tsiyayar da abin da ke cikinta a ruwan da saniyar Arɗo za ta sha, wanda mata za su yi wanki da shi, wanda zai sauka cikin rijiyar da ke ƙasa da kai. Ka kashe kuɗinka, gonarka ba ta tsira ba, ka kuma aika wa maƙwabcinka cuta ba da niyya ba.

Idan kuna son ganin ƙarshen wannan hanya, ku dubi Jakara. Wannan rafi daga cikin birni ya taso, kusa da Kasuwar Kurmi wadda tarihi ya danganta kafuwarta da Sarki Muhammadu Rumfa. Yana ɗauke da ruwan kwatamin unguwanni, ya karɓi na Abbatuwa, sannan rafin Getsi ya kawo masa dagwalon masana'antun Bompai, ya nufo arewa maso gabas har Wasai. Wanda ya tsaya a mahaɗar Getsi da Jakara da rani ba ya bukatar ɗakin gwaji: launi da wari sun ishe shi. Masu bincike a jami'o'inmu sun sha auna wannan ruwa da ƙasar lambunan da ake shayarwa da shi, suna samun ƙarafa masu nauyi irin su kuromiyam, wanda ake jima da shi a masana'antun fata, da dalma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ruwan sha kada kuromiyam ya wuce miligiram 0.05 a lita, dalma kuma kada ta wuce 0.01. Ku dubi ƙanƙantar adadin. Ba a ganinsa, ba a jin ɗanɗanonsa, tafasawa ba ta kashe shi, taruwa yake yi a jiki shekara da shekaru, kuma yara ya fi yi wa illa. Da wannan ruwa ake noman latas da kabeji da alayyafo da karas, a kai 'Yankaba, su koma tukunyar mutanen birnin da suka sako dagwalon. Manomin lambun Jakara ba shi ya ɓata ruwan ba. Shi ne yake tsaye a ciki har gwiwa daga safe zuwa azahar.

Saboda irin wannan ne aka ƙirƙiro takardar izini, kuma ina so mu daina kallon ta a matsayin hanyar karɓar kuɗi kawai. Asalinta tambaya ce guda: abin da za ka yi a ruwan nan, me zai yi wa wanda ke ƙasa da kai? Amurka ma sai da kogin Cuyahoga ya kama da wuta a 1969 saboda man da ke kansa, sannan suka yi babbar dokar tsabtar ruwa a 1972. A can, ko ƙaramar hukuma ce za ta gyara gaɓar kogi kusa da hanyar da mutane ke yawon shan iska, sai ta nemi izini kafin ta zuba dutse ko ƙasa a ruwa, a duba abin da za a zuba da lokacin da za a yi aikin. Mu ma masifa ce ta farkar da mu. A 1988 aka gano gangunan shara mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko na tsohuwar Jihar Bendel. A shekarar aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, a 1992 aka yi dokar da ta wajabta auna illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi, a 2007 aka kafa NESREA. Wannan hukuma ta fitar da ƙa'idoji a 2009 kan fadamu da gaɓar koguna da bakin tafkuna, da kan masana'antun fata da masaƙu, a 2011 kuma ta fitar da na ingancin ruwan saman ƙasa da na ƙarƙashin ƙasa, da na zaizayar ƙasa da ambaliya. Yashi kuwa, a dokar ma'adinai ta 2007, lasisin haƙarsa a hannun gwamnatin tarayya yake. Ƙasar karkara, a dokar mallakar ƙasa ta 1978, ƙaramar hukuma ke ba da iznin amfani da ita. Ga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976, ga ma'aikatun muhalli da na ruwa na jiha.

Doka ba ta yi mana ƙaranci ba ke nan. Amma ku ƙirga hannuwan da na lissafa a kan taku goma na ƙasa. Wata shekara wata ƙungiyar manoma ta roƙe ni in taimaka musu su sami sahalewar gyara wata gaɓa da ke cin hanyar makarantar 'ya'yansu. Sun tara kuɗin dutse, sun shirya gayya. Na ɗauki takarda a watan Janairu. Ofis na farko suka ce ba huruminsu ba ne, na biyu suka ce mai sa hannu ya yi tafiya, na uku suka nemi rahoton ƙwararre wanda kuɗinsa ya fi kuɗin aikin gaba ɗaya. Amsa ba ta fito ba sai da ruwa ya sauka, lokacin da ba a iya taɓa gaɓa. A duk watannin nan ina wucewa ta wurin, tifofi na shiga rafin suna fita, ba wanda ya tambaye su ko katin shaida. Wannan abu ya yi mini ciwo, har yau yana yi. Mai son gyara ya sha wahalar doka, mai ɓarna bai san da ita ba.

Abin da nake kira a yi shi ne a auna nauyin takarda da nauyin aiki. Masana'antar da ke sakin ruwa a Getsi ta nuna lasisinta, ta tace dagwalonta kafin ya fita daga katangarta, a riƙa ɗibar ruwan bututunta ana aunawa ba tare da sanarwa ba, a kuma liƙa sakamakon inda manomin Wasai zai iya sa ɗansa ya karanta masa. Mai tifa a shata masa inda zai ɗiba da zurfin da ba zai wuce ba, nesa da gada, nesa da gindin gaɓa. Shi kuwa ƙauyen da ke son gyara taku hamsin, takardarsa ta zama shafi ɗaya da Hausa, a sakatariyar ƙaramar hukuma, da sa hannun dagaci da malamin gona, a amsa cikin mako biyu. Tambayoyinta kaɗan ne: me za ku zuba, a wane wata, kun sanar da na ƙetaren rafi da na ƙasa da ku? Bola, a'a. Ɓaraguzan gini masu tsabta da dutse, bismillah. Kuɗin yin wannan ma akwai inda za a nema. Asusun kula da muhalli na ƙasa yana nan tun 1981, jihohi da ƙananan hukumomi na da kaso a ciki. Shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a ƙarshen 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, Kano na cikinsa, kuma gyaran ƙasar da ta lalace na cikin aikinsa. Haƙƙinku ne ku je ku tambaya.

Malamanmu na nan, za su gyara mini idan na yi kuskure. A fiƙihu akwai abin da ake kira harimi: filin da ke kewaye da rijiya ko kogi, wanda ba a mallake shi, ba a gini a kai, domin amfanin ruwan ba ya cika sai da shi. Wannan shi ne jemar da na ba ku labari. Kakanninmu ba su jira Abuja ta faɗa musu ba. Ina roƙon limamai su ɗauki wannan babi su karantar da shi kafin damina, domin kalma ɗaya daga mumbari ta fi allon gargaɗi goma.

Yanzu gyaran kansa. A fara da gindi, tunda a nan ciwon yake. Da rani, rafi a bushe, a haƙa rami a gindin gaɓa, zurfin da ya wuce inda ruwa ke ƙwaƙulewa, a jera manyan duwatsu. Inda ruwa ke da ƙarfi a sa su cikin ragar waya mai kauri, a ɗaure kamar akwati, domin ita tana lanƙwasa ta bi ƙasa idan ta motsa, ruwa kuma na tsiyaya ta cikinta. A bayan dutsen a zuba tsakuwa, don kada ƙasa ta sulale ta ƙofofinsa. Ƙarshen aikin na sama da na ƙasa a cusa su cikin gaɓa sosai, in ba haka ba ruwa zai zagaya ta baya ya bar muku duwatsunku a tsakiyar rafi. Na fi son wannan a kan katangar siminti. Siminti santsi gare shi, yana ƙara wa ruwa gudu, ya harba shi gonar da ke gaba, kuma ranar da ruwa ya shiga ƙarƙashinsa gaba ɗaya yake kifewa.

Sai abu mai wuya, wanda ba kuɗi yake ci ba, zuciya yake ci. Gaɓar da ke tsaye kamar bango ba ta gyaruwa sai an kwantar da ita. Duk zurfin taku ɗaya, a ja da baya taku biyu ko uku. Ma'ana mai gona zai ba da ƙasa da hannunsa. Na san abin da nake roƙo. Amma rafin zai karɓi wannan ƙasar ko an ba shi ko ba a ba shi ba, kuma idan shi ya karɓa da kansa ba ya tsayawa a nan. Idan an kwantar, da saukar ruwan farko a dasa jema layi-layi a gicciye, kusa da kusa kamar tazarar tafin hannu. Saiwarta na nutsawa ƙasa sosai ta saƙe kamar taru, ba ta yaɗuwa ta cinye gona, ambaliya na kwantar da ita ta miƙe. Sama da ita gamba, sama da gamba aguwa ko bini-da-zugu a matsayin shinge, tunda dabba ba ta cin su. Manyan itatuwa a ja da su baya, kada a dasa a leɓen gaɓa. Shekarar farko sai an yi gadi, domin akuya ɗaya na iya tumɓuke aikin mutum ashirin. Wanda ke shakkar ko talaka na iya wannan, ya tambayi 'yan'uwanmu na Nijar. A kwarin Keita ta jihar Tawa, daga 1984, da hannu da duwatsu da ragar waya aka tare kwazazzabai, mata ne ma suka fi yawa a aikin. A Maradi kuma manoma sun mayar da itatuwa gonakinsu ta hanyar renon tohon kututture kawai.

Na bar burtali daga ƙarshe da gangan. Wasu za su ce a bar hanya, a ceci gona. Ni na ce hanyar ce ke ceton gonar. Gaɓar da mutane ke bi kullum tana da masu gadi: yaro zai ga tsagewa tun tana ƙarama, mace za ta ga wanda ya juye shara da dare, mai kiwo zai lura ruwa ya canza launi. Gaɓar da aka toshe hanyarta kuwa ba mai ganin ta sai ta iso bangon gida. Kuma jama'a na da haƙƙin isa ga ruwa ko ba don aiki ba. Ku dubi yadda samari da 'yanmata ke tururuwa bakin dam ranar Sallah. Mutum na son ya zauna inda iska ke kaɗawa ya ga ruwa. A mayar da burtali bayan shingen aguwa, a yi wa shanu mashaya ɗaya ko biyu masu gangare a kwance, a shimfiɗa musu dutse, don kada kofato ya farfasa ko'ina. Arɗo ya zauna a shawarar tun ranar farko, shi ya san inda garke ke son sauka.

Taku goma nake roƙo, ranka ya daɗe, daga leɓen gaɓa zuwa kunyar farko. A inda rafi ya yi kwana mai tsanani a ƙara. Mai gonar bai yi asarar komai da komai ba: ciyawar tasa ce, ya yanka ya yi zana ya sayar, ya ciyar da tumakinsa, garma ce kawai ba za ta shiga ba.

Ni da ɗan ƙanena mun kwashe bolar nan da rani, amalanke goma sha ɗaya, muka tsince batiran daban a buhu. Dutsen gindi ya shiga, jema ta kama a layi uku, na huɗu akuyoyi sun cinye, za mu sake dasawa bana. Ɗorawar mun tokare ta da ƙasa da dutse, tana nan da ranta. Gobe bayan sallar asuba, da izinin Hakimi, za mu fita da igiya da turaku daga gada mu bi gaɓa zuwa mashaya, mu auna, mu rubuta sunan kowace gona da ta haɗa iyaka da ruwa. Wanda gonarsa ke wurin ya zo da kansa, kada ya aiko yaro. Ɗalibai ku zo da littafi da biro, masu jaki kuma su taimaka mana da ɗaukar turaku.